Maganin da Inna ke Jira

Lahadi, 5 ga Oktoba, bayan la'asar

Madam Jamila, ma'aikaciyar gidan likita, ce ta ba ni kayen ga, littafin rubutu, da bik. Ta ce in riƙa rubuta abin da Inna ta ci, da lokacin da ta sha magani, da in ta yi amai. Na ce mata ni aji uku na tsaya lakol, makarantar boko, rubutuna kamar sawun kaji. Ta ce ko sawun kaji ne, in dai ni ina gane shi.

To. Yau Inna ta sha kunu ludayi biyu. Ta yi amai sau ɗaya.

Sauran takardar fari fat, shi ya sa nike ƙarawa. Sunana Lailatu. Watana huɗu Filinge, daga ƙauyenmu na bayan Damana anka kawo ni. Maigidana Moussa ya yi wata guda da ni, ya koma wurin haƙar zinariya can arewa, ya bar mini salularshi da uwarshi. Ban san kowa ba garin ga. Yau kasuwa, ina jin hayaniya da kukan awaki ta bayan katanga, ban fita ba.

Ciwon Inna ga nono na hagu yake. Gidan ga ba a faɗin sunanshi, abin nan ake cewa. Sau biyu an kai ta Yamai an sa mata wani sarum ja, ruwan magani da ake ɗurawa ta jijiya. Kowane zuwa sai ta yi kwana bakwai ko ruwa bai zama cikinta, gashinta kuma duk ya zube, ni nike share shi daga matashi kafin ta gani. Randebu na uku, ranar komawa, Laraba ce 15 ga wata. Madam Jamila ta zana mini da'ira bisa ranar, ta ce ko sama da ƙasa za su haɗu kada a kuskure ta.

Na gaji yau.

Talata, 7 ga Oktoba, hantsi

Abin farin ciki! Bari in rubuta da sauri kafin in manta.

Maigida shina da wa, Yaya Abdurrazak, ɗan farin Inna. Shekara shida shina karatu ƙasar Sin, ban taɓa ganin shi ba sai hoto. Inna ba ta kiran sunanshi, alkunyar ɗan fari. Mutumin Sin take cewa. In muryarshi ta fito cikin salula sai ta tashi ta shiga ɗaki, ko ta kama faɗa da kaji. Shi ma bai ce mata komi kai tsaye, sai dai ya ce mini, Amarya, ki gaida mutanen gida. Ni ce igiyar guga tsakaninsu.

Jiya Gwaggo Fati, ƙanwar Inna da ke bayan masallaci, ta ce, "Wai shekara shida! Ɗan Baƙo wata tara ya yi, ga shi shina gyaran babur. Ke amarya tambaye shi, karatun ga mi shike haifarwa?" Na yi bokal, saƙon murya, na tambaye shi, ina jin kunya.

Da safen ga ya maido amsa, da hoto. Na saurara sau uku. Ga abin da ya ce yadda na riƙe:

"Amarya, kin san yadda sabulu ke kama maiƙo shi dunƙule shi cikin ruwa? To mu ma wasu zarurruka muke yi, dangin roba, kai ɗaya na son ruwa, ɗayan bai so. In an zuba su ruwa sai su dunƙule, masu ƙin ruwa su ɓuya ciki. Cikin tsakiyar nan muke ɓoye maganin irin ciwon ga. Misel sunansu. Ko dubu kika jera, da ƙyar su kai kaurin gashin kanki. Mun sa musu abin da ke haske in an haska fitila ta musamman, don mu ga inda sunka shiga. So muke su kai magani cikin naman da ya lalace, su bar mai lafiya. Amai shi ragu, gashi shi tsaya."

Hoton baƙi ne wuluk, da ɗigo-ɗigo kore shar, kamar taurari sun faɗa rijiya. Ina cikin kallo salula ta fara kukan sharji.

Na ruga wurin Inna. Na ce, "Inna, mutumin Sin ya yi maganin abin nan! Mai ido, mai haske, bai taɓa gashi!" Ta ce, "Wa ya tambaye ki?" Ta juya ga bango. Can sai ta ce, "Miƙo abin ga in ga ƙarfe nawa." Inna ba ta san lamba ba. Na miƙa mata da hoton a buɗe. Ta daɗe tana duba ƙarfe nawa, har salular ta mutu hannunta.

Talata, bayan magariba kaɗan

Inna ta ci tuwo rabin malmala da miyar kuka. Ba amai. Tun da na zo gidan ga ban ga haka ba.

Laraba, 8 ga Oktoba, azahar

Babu kuran, wutar lantarki, tun jiya, sai da na kai salula shagon sharji. Da na kunna, ashe akwai bokal na biyu. Tare da na fari ya aiko shi, bai samu shigowa ba.

Na saurara bakin hanya. Na sake saurara bayan rumbu.

Ba zan rubuta shi ba yau.

Inna ta ci tuwo. Ta ce in ƙara mata miya.

Alhamis, 9 ga Oktoba, safe

Gobe zan gaya mata.

Asabar, 11 ga Oktoba, la'asar

Gwaggo Fati ta kai labari ko'ina. Yau mata huɗu sunka zo gaisuwa, kowace da ciwonta. Wata gwiwa, wata hawan jini, wata tsohuwa Bafillatana mai kawo muna nono ta ce saniyarta ce ke da ƙari ga wuya, ko za a rage mata kaɗan in ya zo.

Gwaggo ta ce, "Ke Ladi, saniya kuma? Maganin Sin guda za a ba saniya?"

Ladi ta ce, "Ai ita ke ci da ni. Ke wa kike ci da shi in ba bakinki ba?"

Sunka yi ta dariya. Inna ma ta yi, tana riƙe da gefen ƙirji. Ta ɗaura sabon kallabi, ta sa tozali. In sun ce "ɗanki" sai ta ce, "Wane ɗa? Ni ban san shi ba, na kakarshi ne." Amma bakinta bai rufuwa.

Gwaggo ta ce, "Amarya, nuna musu hasken." Na nuna. Salula ta zaga hannu huɗu, kowa na salati. Ladi ta goge gilashin da bakin zane wai ko hasken zai ƙaru.

Ni ina tsaye da tire. Na kauda ido daga hoton.

Inna ta ci. Ba amai.

Litinin, 13 ga Oktoba, hantsi

Na fiddo jakar tafiya ina kakkaɓewa, don gobe ya kamata su kama hanya ita da Gwaggo. Inna ta ce, "Maida ta."

Na ce, "Inna, randebu jibi ne."

Ta ce, "Jan ruwan Yamai wutar daji ne, bai san gona ba bai san ciyawa ba. Sau biyu ya ƙone ni. Tunda ga mai ido nan tafe, shi zan jira."

Na ce, "Ai Sin da nisa."

Ta ce, "Makka ma da nisa, ana zuwa ana dawowa."

Na buɗe baki, wallahi na buɗe. Sai ta ce, "Ɗiyata, tun ranar da kika kawo mini labarin ga nike barci. Allah shi yi miki albarka." Ba ta taɓa ce mini ɗiyata ba. Amarya take cewa, ko ke.

Na maida jaka ƙarƙashin gado.

Laraba, 15 ga Oktoba, azahar

Motocin Yamai sun tashi tun da safe. Muna gida.

Alhamis, 16 ga Oktoba, safe

Yaya ya aiko: "Amarya, an je? Yaya jikin mutanen gida?"

Na ce, "Lafiya lau, suna gaishe ka."

Ban yi ƙarya ba. Suna gaishe shi.

Juma'a, 17 ga Oktoba, bayan an sauko masallaci

Madam Jamila ta zo wanke ciwo, ta iske mu. Ta ajiye jakarta ƙasa da ƙarfi.

"Hajiya, mi kike yi nan? Ba Yamai ya kamata in ji ki ba?"

Inna ta ce, "Na huta da Yamai."

"Kin huta? Shi ciwon ya ce miki ya huta? Kansa ce fa, Hajiya. Kansa ba ta san hutu ba."

Ba a taɓa faɗin sunan ba tsakar gidan ga. Gwaggo ta tofa ta ce a'uzubillahi. Inna ta ce, "Akwai wanda ke tafe daga waje, wanda ya fi nasu."

Madam ta ce, "Wane ne? Wa ya rubuta shi? Ina ordinansi, takardar maganin?" Ta dube ni. Ni kuwa na duƙa ina tsince tsakuwa cikin wake, waken da na riga na tsince.

Da za ta tafi ta kira ni zaure. Ta ce, "Sarum ɗin ga kamar noma ne. In ka yi noman fari ka ƙi maimai, ciyawa ba ta jiran ka. Kowane kwana da ya wuce, abin nan ƙasa shike ci. Ke ce mai kaye, ke kike gani. Akwai abin da ban sani ba?"

Na ce babu.

Inna ta ci kaɗan. Na gaji.

Asabar, 18 ga Oktoba, la'asar

Maigida ya samu rezo, layin waya ya kama, ya kira. Muryarshi na tsinkewa kamar zaren tsohon zane. Na ce, "Inna ta ƙi zuwa Yamai." Ya ce, "Mi?" Na sake faɗi. Ya ce, "Ke dai ki bi abin da Inna ta ce, kada in ji kin yi mata gardama, baƙuwa ce ke." Na ce, "Akwai wata magana." Ya ce, "Mi? Ba ni jin ki." Sai layi ya yanke.

Na zauna da salula bisa cinya har tukunya ta kama.

Lahadi, 19 ga Oktoba, safe

An kawo dammunan hatsi daga gona, amalanke biyu. Inna ta fito da kanta ta zauna tana nuna inda za a jera. Ta ce a ware dami guda mafi kyau, na sadaka ranar da maganin ya iso.

Kowa na cewa ta yi kyau. Ni ce ke wanke zanenta. Ni na san abin da ke jikin zanen.

Litinin, 20 ga Oktoba, azahar

Ba ta ci ba.

Talata, 21 ga Oktoba, hantsi

Da nike goge mata jiki, ta ɗaga hannu sai ta ce wash. Cikin hammata akwai wani abu kamar ƙwallon goriba ƙarami. Ranar da na fara kayen ga bai kai gujiya ba. Ta ce, "Kaluluwa ce, ki bar ta." Ta ce in duba ko mutumin Sin ya ce wane wata.

Bari in rubuta bokal na biyu. Kwana goma sha uku shina cikin kaina, in ina daka shi nike ji, in ina salla shi nike ji.

Ya ce: "Amma Amarya, ki riƙe wannan da kyau, kada wani ya ɗauka an gama. Hoton nan ba jikin mutum ba ne. Ɗan nama ne da muke renon shi cikin faranti na gilashi. Nawa ko ɓera ba a gwada wa ba tukuna. Kafin a ba mutum, shekara goma, ko fiye, ko ma a ce bai yi ba a zubar. Mutanen gida su riƙe maganin Yamai hannu biyu. Kada a tsallake ko ɗaya."

Ga shi nan. Na rubuta.

Ni ban yi nufin komi ba. Rabin magana na ji, na ruga da shi. Da sauran ya zo ta riga ta ci tuwo. Wa zai ƙwace tuwo daga bakin marar lafiya? Na ce gobe. Goben ta yi ta haihuwar gobe.

Da a ce suna magana baki da baki, da minti guda ya isa. Amma ita ba ta tambayar shi, shi bai gaya mata. Ni kaɗai ce hanya, hanyar kuma ta rufe.

Laraba, 22 ga Oktoba, la'asar

Sati guda da randebu. Kunu ludayi uku. Na gaji, na gaji.

Alhamis, 23 ga Oktoba, azahar

Na je gidan likita karɓo auduga. Na iske Madam Jamila tana cin dambu bayan ofis. Na kunna bokal na biyu na miƙa mata. Ta saurara, cokali a sama.

Ta ce, "Yaushe ya zo?"

Na ce, "Takwas ga wata."

Ta ce, "Lailatu!" Sau ɗaya ta faɗa. Da ta mare ni da ya fi sauƙi.

Na yi kuka har majina. Ta bar ni na yi. Sannan ta tura mini kwanon dambu ta ce, "Ci. Kin rame kamar ke ce mai ciwon. Ni in na gaya wa Hajiya ba za ta yarda ba, za ta ce 'yan likita kishi muke da ɗanta. Daga bakinshi za ta ji. Yi mishi bokal yanzu, gabana, ki faɗi duka. In kika rage ko kalma guda, ni zan cika."

Na yi. Minti huɗu. Ita ta riƙe mini salular.

Juma'a, 24 ga Oktoba, safe

Ya saurara tun jiya, alamar ta yi shuɗi. Bai ce komi ba.

Juma'a, bayan la'asar

Ya amsa. Bai yi faɗa ba. Muryarshi kamar ta wanda ya yi noma wuni guda bai sha ruwa ba. Ya ce, "Laifina ya fi naki, Amarya. Na yi ɗokin wani ya tambaye ni aikina, na fara da daɗin na bar ɗacin baya." Sai ya ce zai yi wani bokal, amma ba nawa ba, na Gwaggo Fati. In kira Gwaggo gobe, mu zauna tsakar gida daidai ƙofar Inna, in ƙure murya. Ya ce, "Ni da Gwaggo zan yi magana. Wanda ya ji, ya ji."

Na je na gaya wa Gwaggo komi. Ta riƙe haɓa ta ce, "Amarya, kin kashe ni. Mata nawa na yi wa alkawari? Har saniyar Ladi!" Sai kuma ta ce, "Ni ma da bakina. Gobe da hantsi ina nan."

Asabar, 25 ga Oktoba, azahar

Gwaggo ta zo da faifai da wake. Munka shimfiɗa tabarma bakin ƙofar Inna. Tana ciki kwance, labule a ɗage rabi. Gwaggo ta ɗaga murya kamar mai kiran awaki: "Amarya, wai ɗana ya aiko mini saƙo? Ni kaɗai? Kunna in ji!"

Na ƙure murya.

Ya gaida Gwaggo, ya tambayi gwiwarta, ya tambayi hatsin bana. Sannan ya faɗi maganar faranti da ɓera da shekara goma, a hankali, sau biyu. Ina kallon ƙafafun Inna ta ƙasan labule. Da farko suna motsi. Sai sunka tsaya.

Ya ce, "Gwaggo, akwai abin da ban bayyana ba. Ni ba magani nike yi ba. Mazubi nike yi. Maganin da nike ɗurawa cikin 'yan ƙwayoyin nan, shi ne jan ruwan nan da ake sa wa mutane Yamai. Shi ɗin dai, ba wani ba. Kullum shina gabana cikin kwalba, ja wur. Ba ni da wanda ya fi shi. Ina neman yadda zai shiga bai yi ɓarna ba, ban samu ba tukuna. In akwai wadda ke jira na, to abin da take jira shina Yamai tun tuni."

Ya ja numfashi. Ya ce, "Kuma Gwaggo, in har Litinin ta yi ba a kama hanya ba, zan ajiye aikin ga in taho in kai ta da kaina. Na riga na tambayi jirgi. Ba zan zauna ina kallon faranti ba."

Bokal ya ƙare. Kaza na tsattsagar waken Gwaggo, ba wanda ya kore ta.

Sai Inna ta yi magana daga ciki, ba da mu ba, da bango.

"Ashe ƙwarya ake sassaƙa. Shekara shida."

Gwaggo ta ce, "Ƙwarya mai haske dai, Yaya."

"Rufe mini baki, Fati." Can ta ce, "Furar dai guda ce?"

Gwaggo ta zungure ni. Na ce, "Guda ce, Inna."

"To a gaya wa mai ƙwarya shi zauna inda yake. In ya bar ta rabi ya taho, ban yafe ba. Fura in ta zama dole, ko a tafin hannu sai a sha."

Gwaggo ta fashe da kuka, ta ce albasa ce. Babu albasa gidan ga tun Talata.

Asabar, kafin magariba

Na kai mata kunu. Ta karɓa ba ta dube ni ba. Ta ce, "Yaushe kika sani?"

Na ce, "Washegari."

Ta sha ludayi guda. Ta ce, "Fiddo jaka. Fati ba ta zuwa, gwiwarta. Ke za ki kai ni."

Ba ta ce ɗiyata ba. Ba ta ce amarya ba ma.

Litinin, 27 ga Oktoba, la'asar, Yamai

Mun iso. Motar Hiyas ta cika maƙil, buhunan hatsi bisa, rago biyu baya. Na sa hannuna tsakanin ƙirjinta da kujerar gaba tun daga Filinge har Baleyara, yanzu ba ni jin hannun. Shinge nawa munka tsaya, na daina ƙirga. Gidan wani ɗan ƙanen baban maigida munka sauka. Garin ga ƙara ya yi yawa.

Na aika wa Yaya kalma biyu: mun iso.

Talata, 28 ga Oktoba, azahar

An ɗebi jini, an yi hoto. Layi tun safe. Ba ta yi mini magana ba sai "ruwa" da "tashi mu je".

Laraba, 29 ga Oktoba, bayan la'asar

Lokotoron, babbar likitar, mace ce, ba ta jin Hausa sosai. Ta tambaya ko akwai mai jin Zabarmanci. Na ce ni, kusa da Damana na tashi. Ta duba takardu, ta taɓa hammatar Inna, ta yi mini bayani a hankali tana kallon idona. Ta ce in gaya wa Inna.

Inna na zaune bisa kujerar sarum, an riga an ɗaura mata allura. Ta ce, "Mi ta ce?"

Magana biyu ce. Guda mai daɗi, guda ba daɗi. Na ji bakina ya kama hanyar mai daɗin da kanshi. Na tsaida shi.

Na ce, "Inna, ta ce sati biyun ga ya yi ɓarna. Abin ya ƙaru, ya kama hammata sosai. Da ana sa ran a yanke wuri kaɗan, yanzu in an gama sarum nonon duka za a cire. Ta ce gashi ba zai dawo ba sai an ƙare, amai kuma za ki yi kamar da." Na ƙara da cewa, "Ta ce kuma hoto bai nuna ya kai huhu ko hanta ba. Jininki ya yi kyau, kin ci abinci kwanakin ga. Za a iya sa miki yau."

Ta rufe ido. Na ce shi ke nan, ta gama da ni.

Ta ce, "Saura?"

Na ce, "Babu saura. Duka ke nan."

"Kin tabbata? Babu wani da zai shigo gobe in an yi sharji?"

Matar da ke kujerar kusa, wata 'yar Dogondutsi, ta yi dariya ba ta san kan zancen ba. Na ce, "Babu, Inna. Wallahi."

Inna ta buɗe ido ta dubi ledar da anka rataya, ja wur, ta bi tiyo da kallo har inda ya shiga hannunta. Ta ce wa mai allurar, "Buɗe." Ya buɗe.

Can ta ce, "Daga yau in labari ya zo, ki kawo mini shi da kai da ƙafafu. Ni zan zaɓi abin da zan ci."

Na ce to.

"Matso da kwanon ga kusa, na fara jin shi. Ki riƙe mini goshi. Hannunki ya fi na Fati sanyi."

Na riƙe. Ta yi amai sau biyu. Randebu na gaba Laraba, 19 ga Nuwamba. Ita ta sa na faɗa mata ranar sau uku, har ta riƙe.